Shokozoban Gaba da Hanyoyin Njamena: Ina Ya Kamata Kuɗin Mai Babur Ya Tafi?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin rumfar masu gyaran babur a Njamena a ƙarshen damina, ko a Dembe ne ko a Digel ko can Waliya ƙetaren kogi, ya san ƙorafin da aka fi kawowa. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓan garin, zai jingine babur ya ce wa bakanike, "Maigida, gaban nan ya mutu. In na taɓa birki sai ya durƙusa, in na faɗa rami kuwa har cikin haƙorana nake ji." Bakanike ya danna kan babur sau biyu ko uku, ya ce sai an ƙara masa tauri. Nan take a kwance murfin sama, a jefa guntun bututu ko tarin washa a kan sifirin, a ɗura baƙin mai mai kauri, a ɗaure. Mai babur ya danna ya ji gaba ya sandare, ya biya yana murna ya tafi. Shi kuma saurayin da ya mallaki babban babur na gudu, nasa maganin daban ne. So yake a yo masa odar shokozoba mai ruwan zinariya irin wanda ya gani a waya a ƙafar baburan tsere. Dukansu biyun gyara suke nema, kuma a ganina dukansu sun soma daga inda bai kamata a soma ba.

Abin da muke kira shokozoban gaba, wanda makanikan Njamena ke ce wa "fursh" da Faransanci, ƙafafu biyu ne da ke riƙe da tayar gaba, kowace ƙafa bututu ce da ke zamewa cikin wata bututun. Ƙirar ba sabuwa ba ce. Tun 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fitar da samfurin R12 da irin wannan ƙafa mai ɗauke da mai a cikinta, kuma har yau ita ce a gaban kusan kowane babur, daga Boxer ɗin ɗan kilando har zuwa na gasar duniya. A cikin kowace ƙafa abu uku ne ke aiki. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Mai shi ke hana sifirin ɗin lotsawa ko miƙewa da gaggawa, domin dole man ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi kafin ƙafar ta motsa. Na ukun, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, iskar da ke kulle a saman man ce, wadda ke ƙara turjiya idan ƙafar ta kusa kai maƙura.

Yawancin mahaya suna ɗauka shokozoba don jin daɗin zama aka yi shi. Jin daɗi na ciki, amma babban aikinsa shi ne riƙe taya a ƙasa. Inda tayar gaba ke taɓa hanya bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma a kan wannan ɗan wuri ake juya babur, a kansa ake tsayar da shi. Da zarar an kama birki, nauyin babur da na mutanen da ke kai sai ya rinjaya gaba, shi ya sa masu koyar da tuƙi ke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa daga tayar gaba yake fitowa. To idan ƙafar ta yi tauri fiye da kima, taya ba ta bin hanya, tsalle take yi daga tudu zuwa tudu, kuma tayar da ke sama ba ta kama birki ba ta shan kwana. Idan ta yi laushi fiye da kima sai ta nutse har ta doki ƙarshe, daga nan ta zama sandar ƙarfe, sakamakon iri ɗaya ne. Saboda haka duk wanda ya taɓa shokozoban gaba, birkin babur ya taɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

Njamena kuwa gari ne da ke cin shokozoba kamar wuta da kara. Garin shimfiɗe yake a mahaɗar kogin Shari da Logon, ba tudu ba gangare, ƙasarsa laka ce mai riƙe ruwa. Ruwan sama bai cika yawa ba, amma daga Yuni zuwa Satumba yake zubowa, kuma in ya sauka ba shi da wurin zuwa. Wanda ya ga Waliya a ambaliyar Oktoban 2022 ya san abin da nake nufi. Manyan tituna irin su Charles de Gaulle da Mobutu da hanyar Farsha suna da kwalta, amma mai babur ba a kansu yake yini ba. Cikin unguwanni yake shiga, inda damina ke mai da hanya taɓo, motoci su yi mata kwari, rana ta zo ta gasa kwarin ya zama kamar siminti. Daga nan sai hunturu da ƙurarsa mai laushi kamar gari, wadda ba abin da ba ta shiga, sai kuma bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ruwa, ƙura, zafi da gargada, kowannensu da ɓarnar da yake yi wa ƙafar gaba, kuma ba wanda tauri ke maganinsa.

Sai mu leƙa ciki mu ga dalilin da ya sa ƙorafin ɗan kilando ya zo biyu a haɗe, laushi da tauri lokaci guda. Ƙananan baburan Indiya da Sin da suka cika garin, da ma matsakaitan baburan gudu da yawa, shokozobansu ƙira ce mai sauƙi: sanda mai rami a tsakiya, an huda mata ƙofofi a gindi, mai na bi ta nan. Girman ƙofofin ba ya canzawa. Shi kuwa ruwa in ana tura shi ta ƙaramar ƙofa, turjiyarsa ba daidai da sauri take ƙaruwa ba. In sauri ya ninka biyu, turjiya kusan huɗu take ninkawa. In ya ninka huɗu, ta kai goma sha shida. Lokacin kama birki ƙafar a hankali take nutsewa, mai ya wuce salin-alin ba turjiya, sai gaba ya durƙusa. Lokacin da taya ta doki bakin kwalta ko busasshen kwari, ƙafar so take ta lotsa cikin ƙiftawar ido, mai ya kasa wucewa, sai dukan ya hau kafaɗar mahayi. Ciwon biyu uwarsu ɗaya. Wanda ya zuba mai mai kauri ya rage na farko, amma ya tsananta na biyu, kuma a hanyoyin Njamena na biyun ne ke kayar da mutum.

A nan nake son in daɗe, domin maganar mai ita ce mafi arha kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Man shokozoba na asali ana sayar da shi da lambobi irin su 5W, 10W da 15W, ƙaramar lamba mai tsinkewa, babba mai kauri. Lambobin ba su da tabbas tsakanin kamfani da kamfani, 10W na wannan kan yi daidai da 15W na wancan, don haka wanda ya dace da wani iri gara ya tsaya a kansa. Abin da aka fi ɗurawa a rumfunan gyara kuwa man inji ne 20W-50, domin shi ke kusa da hannu. A zafin digiri 40, kaurin wannan mai ya ninka na man shokozoba mai lamba 10W sau huɗu ko fiye. Da sanyin safiyar Janairu sai ya koma kamar zuma, ƙafar ta lotsa ta kasa dawowa da wuri, rami na biyu ya same ta tana durƙushe. Gaskiya ne akwai tsofaffin baburan Japan da littafinsu ya yarda da man inji mai sauƙi, kuma tsofaffin littattafan Honda da dama jan man giyar mota mai sarrafa kanta suka ce a zuba, wanda ake kira ATF. Wannan jan man ana samunsa a kowane shagon mai, ba ya kumfa da wuri, kaurinsa kuma kusa yake da abin da ƙananan babura ke buƙata. Wanda bai sami na asali ba, shi ya fi masa 20W-50 nesa ba kusa ba. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne tsohon baƙin man da aka juye daga inji. Garin ƙarfe ne a cikinsa, yana goge bututu da bushin kamar samfefa, kuma na sha gani ana zuba shi da sunan taimaka wa talaka. Wannan ba taimako ba ne.

Yawan man ma magana ce mai zaman kanta. Ƙaramin babur bai kai rubu'in lita yake sha a kowace ƙafa ba, babba kuwa kusan rabin lita, kuma kowane samfuri da adadinsa. In an cika mai da yawa, wurin iska ya ragu, ƙafar ta riƙa tokarewa tun ba ta kai ƙarshe ba, matsin kuma ya fasa oyilsil, wato robar da ke tare mai. In an zuba kaɗan, ƙofofin su riƙa shaƙar iska, ƙafar ta zama sifirin zalla. In ƙafa ɗaya ta fi ɗayar mai, babur ya riƙa murɗewa. Duk da haka da ido ake aunawa a mafi yawan wurare, ko da gwangwanin tumatir. Alhali kayan aunawar ba su fi babban sirinji da guntun tiyo da rula ba: a cire sifirin, a dannar da ƙafar har ƙasa, a auna daga bakin bututu zuwa saman mai, a zuƙe abin da ya yi yawa har ƙafafun biyu su daidaita. Kuma a nan ne ainihin maganin durƙusawa yake. Ƙara tsawon mai da milimita 10 yana sa ƙafar ta tokare a ƙarshen tafiyarta ba tare da ta yi tauri a kan ƙananan gargada ba. Gyara ne da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Sai lokacin canji. Mutane sun san juyen man inji, ba mai gardama a kansa, amma man shokozoba sai ranar da ya tsiyaye ake tunawa da shi. A kan ba da shawarar canza shi wajen kowace kilomita 20,000 ko duk shekara biyu, kuma wannan lissafin masu hanya mai kyau ne. Ɗan kilandon da ke cin kilomita 100 a yini, in ya fita kwana 300 a shekara, ya yi 30,000. In kuma ya ratsa ruwa har gindin fitila a watan Agusta, to akwai yiwuwar ruwa ya shiga ƙafar, man ya koma toka-toka mai wari. A Njamena sau ɗaya a shekara ya kamata, kuma lokacinsa Oktoba ko Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa. A wanke cikin da kananzir, a bar shi ya tsane, sannan a zuba sabo.

Yanzu ga sifirin da guntun bututun da ake ɗora masa. Akwai kuskuren fahimta a nan da ya kamata a warware. Ɗora bututu a kan sifirin ba ya ƙara masa ƙarfi. Ƙarfin sifirin a kaurin wayarsa da faɗinsa da yawan naɗinsa yake, ba abin da washa za ta canza. Abin da bututun ke yi shi ne matse shi tun kafin a hau, sai gaban babur ya ɗaga sama. In an yi shi da awo, gyara ne mai kyau. In an yi shi da ka, sai a wayi gari babur ba ya lotsawa ko kaɗan in an zauna. Mai shi yana ganin ya sami ƙarfi, alhali ya rasa abu mai muhimmanci: taya ba ta da sauran tafiyar da za ta miƙa ƙasa ta bi rami. Duk ramin da ta tarar sai ta rataya a iska. Ga kuma haɗarin naɗin sifirin su haɗe da juna kafin ƙafar ta gama tafiyarta.

Awon kuwa kowa na iya yi. Tafiyar ƙafar gaba a ƙananan babura da ma na gudu wajen milimita 120 ce, ƙari ko ragi kaɗan. Abin da ake so shi ne idan mahayi ya zauna da nauyinsa na kullum, ƙafar ta lotsa tsakanin rubu'i da sulusin tafiyarta, wato milimita 30 zuwa 40. A ɗaura siririn zare ko igiyar roba a jikin bututu mai sheƙi, a tura shi ya taɓa bakin robar kare ƙura, mahayi ya zauna a hankali ya ɗaga ƙafafunsa wani na riƙe masa, ya sauka, a ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, a auna tazarar. In ta haura 45, a ƙara ɗan bututu kaɗan-kaɗan ana sake awo. In sai an sa mai tsawo sosai kafin a kai 35, to sifirin ya gaji ko kuma bai dace da nauyin ba, sabo ake buƙata. A bar zaren a wurin a yi yini ana aiki. Da yamma inda aka same shi zai nuna iyakar inda ƙafar ta kai. In ya rage kamar faɗin yatsa kafin ƙarshe, an dace. In bai wuce rabi ba, rabin shokozoban da aka saya da kuɗi ba ya aiki.

Wasu makanikai kan yanke sifirin su cike gurbin da bututu. Wannan kam yana ƙara ƙarfi da gaske: sifirin mai naɗi 20 in aka cire 2, ƙarfinsa ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100. Dabara ce sananniya, amma sai wanda zai yanke biyun daidai wa daida, ya gyara bakin ya kwanta sosai.

Kafin a kai ga duk wannan ma, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Babur mai nauyin kilo 100 zuwa 130 ana ɗora masa mahayi da fasinja biyu da buhun gero daga kasuwar hatsi, kayan sun fi abin hawan nauyi. Kusan duk wannan nauyin a baya yake zama. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, kan babur ya yi sakwa-sakwa yana rawa a hannu. Mahayi ya ce gaba ne ya lalace, alhali shokozoban baya ne ya mutu. Haka boris ɗin wuyan babur: in ya yi wasa, duk kama birki sai a ji ƙwas, in ya ci rami a tsakiya sai babur ya ƙi miƙewa. Ƙura da ruwa ke cinye giris ɗinsa, kuma a ɗaga gaba a juya kai hagu da dama ya isa a gane. Ga iskar taya. Mai faci da yawa da yatsa yake gwadawa, kuma ya fi son ta yi tauri don a ce ya yi aiki. Tayar gaba da aka bankara da iska ta fi kowane mugun mai dukan kafaɗa. Mai babur ya mallaki gejinsa na aljihu, ya bi lambar da aka rubuta a jikin babur ɗin. Wanda ya duba waɗannan uku, sau da yawa zai ga ƙorafin ya ragu tun ba a kwance ƙafar ba.

Babban maƙiyin ƙafar gaba a wannan gari kuwa ƙura ce. Tana manne wa ɗan danshin man da ke jikin bututu, ta gangara ƙarƙashin robar kare ƙura, ta cinye leɓen oyilsil. Daga nan sai yoyo. Za ka ga babura da yawa an ɗaura musu tsumma a ƙafa don ya tsotse man, a ci gaba da tafiya. Man nan gangarawa yake yi zuwa birki, kuma birkin da ya sha mai ba birki ba ne. Akwai abin da ya fi kowane gyara daraja a nan, kuma samari ke fara cirewa don kwalliya: baƙar robar nan mai naɗe-naɗe da ke rufe bututun. Ba ta da kyan gani, na yarda, amma ita ce katangar da ke tsakanin ƙura da oyilsil. Da za a tambaye ni ƙari guda ɗaya da ya kamata kowane babur a Njamena ya samu, har da masu tsada, ita zan ambata. Idan kuma bututun ya riga ya yi tsatsa ko tsakuwa ta ƙwarzane shi inda oyilsil ke bi, duk sabon da aka sa zai yage cikin makonni. Ƙaramin tabo ana iya goge shi da samfefa mai laushi ƙwarai. Bututun da ya lanƙwashe a haɗari kaɗan ana iya miƙar da shi a matsi, amma wanda ya yi ƙugu ko ya nuna layin karaya, kada wanda ya yarda a gasa masa shi da wuta a buga da guduma. Ranar da zai karye ba ya sallama.

Mu koma kan saurayinmu mai babur na gudu. Abu na farko da ya kamata ya karɓa shi ne babur ɗinsa don kwalta mai santsi aka ƙera shi. Tafiyar ƙafarsa ba ta fi ta Boxer ba, nauyinsa kuwa ya kusa kilo 200, gudunsa ya ninka. A farkon 1992, lokacin da gasar Dakar ta sauya hanya ta nufi Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, 'yan tseren sun ratso ta Ngigmi suka shigo Njamena, kuma Stéphane Peterhansel ne ya lashe ɓangaren babura a kan Yamaha. Baburan da ke irin wannan tafiya ƙafafunsu dogaye ne masu laushi, tafiyarsu ta ninka ta babur ɗin kwalta sau biyu ko fiye. Masu neman gudu a ƙasa irin tamu, da kuɗi da injiniyoyi a bayansu, laushi da doguwar tafiya suka zaɓa. Wanda ke da babur mai kusoshin saiti a saman ƙafa da ƙasanta, to ya fara da mai da su inda littafi ya ce, domin yawancin na hannu da ake shigo da su wani ya riga ya murɗa su yadda ya ga dama. Sannan ya auna lotsawa, ya sassauta kusar da ke riƙe nutsewa kaɗan-kaɗan, yana rubuta abin da ya taɓa. Ba a murɗa biyu lokaci ɗaya.

Matsakaitan baburan gudu irin su Kawasaki Ninja 250 da 300, Honda CBR250R, Suzuki SV650 da Yamaha R3 na farko, duk waccan sanda mai ƙofofi ce a cikinsu. Su ne ke da gyaran da ya cancanci kuɗinsa. Akwai wani ɗan bawul da ake ɗorawa a kan sandar, bayan an faɗaɗa ƙofofin gindinta har su daina tare mai. Bawul ɗin yana da ƙaramar ƙofa da ke riƙe mai lokacin birki, da faifai mai sifirin da ke buɗewa in duka ya zo da ƙarfi. Wato ciwon nan biyu ya raba su, ya ba kowanne maganinsa. Kamfanin Race Tech na Amurka, wanda Paul Thede ya kafa a 1984, shi ya yi suna da shi, YSS na Tailan ma na yin irinsa. In aka haɗa shi da sifirin da ya dace da nauyin mahayi da mai mai kyau, babur kan canza har mai shi ya yi mamaki, kuma duk bakaniken da ya iya riƙe rula da injin huda zai iya aikin.

Sama da wannan akwai sauya cikin ƙafar gaba ɗaya da na'ura mai jerin siraran faifai, irin ta Öhlins, kamfanin Suwidin da Kenth Öhlin ya kafa a 1976, ko ta Showa da KYB na Japan. Ingancinsu ba abin musu ba ne. Tambayar ita ce wa zai kula da su. Chadi ba ta da teku. Kaya daga Duwala suke tasowa, kusan kilomita 1,800, su bi ta Ngaundere zuwa Kusiri su haye gadar Ngeli, ko kuma daga kasuwannin Najeriya ta Maiduguri da Gamboru Ngala da Fotokol, hanyar da rikicin Boko Haram ya daɗe yana wa cikas. Oyilsil ɗin Boxer ko Haojue kowane lungu akwai shi. Na ƙafa mai milimita 43 ta Turai kuwa, in ya fashe, babur na iya yin watanni a jingine. Ga jabu. Ruwan zinariya fenti ne, kowa na iya shafawa, kuma akwai ƙafafu da yawa a kasuwa masu sheƙin waje da in an buɗe su waccan tsohuwar sandar ce a ciki, wani lokaci ma kusoshin saitin ba a haɗe suke da komai ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da na fi jin tsoro shi ne yayin dasa ƙafar wani babur a jikin wani, musamman irin wadda aka kifa, mai kauri a sama siririya a ƙasa. A filin tsere tana da amfani domin ba ta lanƙwasa a birki mai tsanani. A Njamena kuwa bututunta mai sheƙi yana can ƙasa daf da ƙura da tsakuwa, kuma in oyilsil ya fashe man kai tsaye yake zubowa kan faifan birki, tunda a samansa yake. Bayan haka tsawon ƙafa shi ke tsara yadda babur ke tafiya. In sabuwar ta fi guntu, gaba ya sunkuya, babur ya riƙa faɗawa kwana da sauri, a babban gudu kuma kansa ya kama kaɗawa har ya ƙwace daga hannu. In ta fi tsawo, ya ƙi juyawa. Kafin ta zauna sai an sauya aksul da wili da mazaunin birki, wani lokaci har a yanke sandar wuya a yi mata walda. Wuyan babur ba wurin walda ba ne a rumfar bakin titi. Wanda ya hau irin wannan ya nufi hanyar Masaget yana gudun kilomita 140, ransa ya rataya ne a kan ɗinkin da ba wanda ya gwada.

Na san abin da ɗan kilando zai ce: babur ɗin ba nasa ba ne. Da yawansu balas suke kaiwa kullum, mai babur ba ya son jin maganar gyaran abin da bai tsaya ba, mahayi kuma ba zai cire daga abincin iyalinsa ya gyara kayan wani ba. Nan ne maganar ta fi ƙarfin bakanike. Alhaji mai babura goma a titi, kai ne za ka fi kowa cin riba in ka ware rana ɗaya a shekara don wannan aiki, domin ƙafar da ke dukan ƙarshe ita ke fasa boris, ta lanƙwasa wili, ta tsaga firam, kuma yaron da ke kai amana ce a hannunka, shi da matar da ya ɗauko da goyo. Ku kuma iyayen gidan gareji, yaran da ke koyo a ƙarƙashinku abin da suka gani za su yi har tsufansu. Ku ajiye sirinji da rula a akwatin sifana, ku hana su taɓa tsohon baƙin mai.

Kai kuwa mai babur, ƙarami ne ko babba, ka jira ruwa ya ɗauke. Kafin ka yi odar komai daga waje, ka kai shi a duba boris ɗin wuya da shokozoban baya, a wanke ƙafafun gaba a zuba mai na gaskiya da awo, a sa sabon oyilsil, a mayar da baƙar robar da ka cire, sannan ka ɗaura zare a bututu ka auna milimita 30 zuwa 40 ɗin nan da idonka.